Otis Redding, mawaƙin da bai ji babbar waƙarsa a rediyo ba

A tsakiyar watan Maris na shekarar 1968, wata waƙa mai sanyi, wadda ke farawa da ƙarar igiyar ruwa ta ƙare da fito, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Makonni huɗu ta yi a wurin. A lokacin mai waƙar, Otis Redding, ya yi wata uku a kabari. Tun da mujallar Billboard ta fara fitar da wannan jeri, ba a taɓa samun mamacin da ya zo na ɗaya ba sai a kansa.

Yana da shekara 26 ya rasu. Daga ranar da ya fara taka kamfanin Stax zuwa ranar da jirginsa ya faɗa cikin tafki, shekara biyar ne da ƴan watanni. Duk abin da duniya ta sani na Otis Redding cikin wannan ɗan tsakani aka yi shi. Dattawan da suka yi samartaka a manyan biranen Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ba sa bukatar a gabatar musu da shi: fayafayansa na cikin waɗanda ake ɗorawa a wajen rawa idan dare ya yi nisa, an gaji da tsalle-tsallen James Brown. Galibinsu ba sa jin Ingilishi, amma hakan bai hana su gane cewa mutumin nan roƙo yake yi ba.

An haife shi ranar 9 ga watan Satumba na 1941 a Dawson, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa shida, kuma namiji na farko. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Otis, manomi ne da ba shi da gonar kansa. Yana noma ƙasar wani, in kaka ta yi a raba amfani. Otis na ƙaramin yaro iyalin suka koma birnin Macon, inda uban ya samu aiki a wani sansanin sojan sama, yana kuma yin wa'azi a coci lokaci-lokaci. A cocin ne yaron ya fara waƙa.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin wanda bai san cocin baƙaƙen fatar kudancin Amurka ba zai yi wuyar gane kiɗan da ake kira soul. A can mai wa'azi ba ya magana shi kaɗai. Yana jefa kalma jama'a su amsa, ya maimaita, ya ɗaga murya, ya sauke, har wurin ya ɗauki zafi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗi da ƴan amshinsa ya san yadda abin yake. Abin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka yi a shekarun 1950 shi ne, suka ɗauko wannan salo daga coci suka kai shi dandali, inda ake kiran Ubangiji suka sa sunan masoyiya. Malaman coci da yawa ba su yafe musu ba. Otis ya taso tsakanin waɗannan gidaje biyu, kuma mutum biyu ya ɗauka iyayen gidansa a waƙa: Sam Cooke mai taushin murya, da Little Richard mai ihu, wanda shi ma ɗan Macon ne.

Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta. Tarin fuka ya kama mahaifinsa, yana yawan kwanciya asibiti, gida kuma sai an ci. Ya yi aikin haƙa rijiya, ya sayar da mai a gidan mai, da dare yana bin makaɗa. A 1958 ya shiga wata gasar waƙa ta matasa da wani ɗan rediyo mai suna Hamp Swain ke shiryawa, ya cinye ta makonni 15 a jere. A wannan zamani ne ya haɗu da mutum uku da suka zame masa ginshiƙi: Johnny Jenkins, gwanin jita mai ƙungiyar Pinetoppers, Phil Walden, wani ɗalibi farar fata da ke nema wa makaɗa wuraren wasa, wanda daga baya ya zama manajansa, sai wata yarinya mai suna Zelma Atwood, wadda ya aura a watan Agusta na 1961. Ya ɗan je Los Angeles a 1960 neman sa'a, ya ɗauki wasu waƙoƙi da ba su je ko'ina ba, ya dawo gida.

Direba a Memfis

A 1962 aka gayyaci Johnny Jenkins zuwa birnin Memfis domin ya ɗauki faifai a kamfanin Stax. Jenkins ba shi da takardar izinin tuƙi, don haka Otis ne ya tuƙo shi. Makaɗan kamfanin sun ga wani ƙaton saurayi yana sauke kaya daga mota, suka ɗauka yaron gidan mai jita ne. Aikin Jenkins bai yi armashi ba, aka tashi da sauran lokaci, aka ce to bari a ji direban. Waƙar farko da ya yi, kwaikwayon Little Richard ce tsantsa, mai kamfanin Jim Stewart bai ga abin saye a ciki ba. Ta biyu, These Arms of Mine, waƙa ce a hankali wadda shi ya tsara abarsa. Ita aka fitar a watan Oktoba, ta ɗauki watanni tana rarrafe, sai a watan Maris na 1963 ta shiga jerin waƙoƙin da ake saye. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama: wanda aka yi tafiyar dominsa ya koma hannu rabbana, direban ya koma da kwantiragi.

Stax ɗin nan wuri ne mai ban mamaki. Jim Stewart, ma'aikacin banki, da yayarsa Estelle Axton suka kafa shi, suka haɗa haruffan farko na sunayensu ya ba da sunan. Dukansu fararen fata ne, amma suka kama hayar wani tsohon gidan silima a titin McLemore, cikin unguwar baƙaƙe. An cire kujerun, amma daɓen ya ci gaba da gangarowa kamar yadda yake a kowane silima, kuma masana sauti na cewa wannan karkata na daga cikin abin da ya ba fayafayan Stax amonsu na daban. Makaɗan gidan, Booker T. and the M.G.'s, sun kasance baƙaƙe biyu, Booker T. Jones da Al Jackson, da farare biyu, Steve Cropper da Donald Dunn. A Memfis ta wancan lokaci akwai gidajen abinci da yawa da mutanen nan huɗu ba za su iya zama teburi ɗaya ba. A cikin tsohon silimar kuwa kullum suna tare.

Otis bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Idan yana son masu busa su yi wani abu, sai ya je gabansu ya rera musu da baki, yana buga ƙafa, yana zufa, har su kama. Da haka ya mayar da ƙahonin Stax ƴan amshinsa: shi ya kira, su amsa. Ba gwanin rawa ba ne, in aka kwatanta shi da James Brown ma za a ce tattaki kawai yake yi a kan dandamali. Muryarsa kuma ba ta da santsin ta Sam Cooke, tana da ƙaiƙayi, wani lokaci kamar za ta tsage. Gwanintarsa tana wajen jan rai. Zai fara waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, ya riƙe kalma guda yana juya ta, ya ƙi sakinta, sai mai sauraro ya ƙosa sannan ya buɗe murya. Try a Little Tenderness, tsohuwar waƙa ce tun ta 1932 da mawaƙa da yawa suka yi kafin shi, amma tun da ya ɗauke ta a 1966 ta zama tasa, saboda wannan hawa daga raɗa zuwa guguwa. Yawan waƙoƙin ban tausayi ya sa wani ɗan rediyo a Memfis ya laƙaba masa sunan tsokana mai nufin abin tausayi. Bai yi fushi ba. Shi da Cropper suka mayar da sunan waƙa, Mr. Pitiful, suka sayar.

A ranakun 9 da 10 ga watan Yuli na 1965, cikin kusan awa 24, ya ɗauki kundin Otis Blue, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar aikinsa. Uku daga cikin waƙoƙin na Sam Cooke ne, wanda aka harbe a Los Angeles watanni bakwai kafin nan. Ta'aziyyar almajiri ke nan ga malaminsa. A cikin kundin akwai I've Been Loving You Too Long, da ya tsara tare da Jerry Butler, akwai kuma Respect. A bakin Otis, Respect ƙorafin magidanci ne da ya wuni nema ya dawo gida yana son a girmama shi. Bayan shekara biyu Aretha Franklin ta ɗauki waƙar ta juya ta, ta zama mace ce ke neman haƙƙinta, ta kai ta matsayi na ɗaya a 1967, inda tasa ba ta kai ba. Otis ya riƙa yin raha a kan dandamali cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙa. Rahar ba ta da ɗaci, domin sunansa ne a rubuce a matsayin mai waƙar, kuma duk faifan Aretha da aka sayar akwai kasonsa a ciki.

Wannan shi ne ɓangaren Otis da masoya ba su cika tunawa ba. Mutumin da ke kuka a faifai ɗan kasuwa ne mai lissafi. Ya ga yadda mawaƙa baƙaƙe da suka gabace shi suka tsufa ba su da ko sisi, wasu na cin moriyar waƙoƙinsu. Shi da ƴan gidan Walden suka kafa kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙi mai suna Redwal, ya kuma buɗe ƙaramin kamfanin fayafayai, Jotis. Shi ya ɗauko matashi Arthur Conley ya shirya masa Sweet Soul Music, wadda ta yi kasuwa sosai a 1967. Kuɗin da ya samu kuma bai kai su New York ko Kalifoniya ba. Ya sayi fili mai faɗin hekta kusan 120 a Round Oak, kusa da Macon, ya zuba shanu da dawaki, ya sa masa suna Big O Ranch. Ɗan wanda ya yi noma a gonar wani ya mallaki gona tasa, a jihar da aka haife shi, a zamanin da baƙar fata a Jojiya ke fafutukar samun damar jefa ƙuri'a.

Turai ta riga Amurka

Har zuwa 1966, a ƙasarsa Otis mawaƙin baƙaƙe ne. Gidajen rediyon farare ba su cika sa shi ba. Turai ce ta fara karɓarsa hannu bibbiyu. Ya je Landan da Paris a watan Satumba na 1966, sannan a watannin Maris da Afrilu na 1967 kamfanin Stax ya kwashi taurarinsa, Otis da Sam and Dave da Eddie Floyd da Carla Thomas da Arthur Conley da makaɗan gida, zuwa Ingila da Faransa da ƙasashen arewacin Turai. Wasan da ya yi a zauren Olympia na Paris shi aka fitar a faifai da sunan Live in Europe. Kowane dare Sam and Dave ne ke hawa kafin shi, su biyu masu rawa kamar ana kaɗa mazari, su bar jama'a a jiƙe. Dole Otis ya ninka ƙoƙari don kada a ce yara sun fi shi. Makaɗan kuwa, waɗanda a Memfis ma'aikata ne kawai masu zuwa aiki da safe, a can suka gane cewa matasan Turai sun haddace sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sun koma gida da wasu tambayoyi game da albashinsu, kuma zaman gidan Stax bai sake komawa yadda yake ba.

Ranar 17 ga watan Yuni na 1967 ya rufe daren Asabar a bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, gaban dubban matasa farare masu dogon gashi da suka zo jin kiɗan rock. Ya hau sanye da kwat, can cikin dare, ya yi waƙoƙi biyar, wurin ya tashi tsaye. Bayan ƴan watanni masu karanta mujallar Melody Maker ta Ingila suka zaɓe shi mawaƙin da ya fi kowa a duniya, matsayin da Elvis Presley ya shekara da shekaru yana riƙe da shi.

A cikin watan Agusta yana wasa a San Francisco, ya sauka a wani gida da aka gina kan kwale-kwale a Sausalito, bakin teku. A nan, yana kallon jiragen ruwa na shiga da fita, ya fara tsara wata waƙa da ba ta yi kama da sauran ba. A lokacin yana yawan sauraron sabon kundin Beatles, yana gaya wa na kusa da shi cewa yana son canza salo. Daga nan sai maƙogwaro ya hana shi sakat, likitoci suka yi masa tiyata suka cire wasu ƙulli, suka hana shi waƙa na makonni. Ga mutumin da muryarsa ce jarinsa, wannan zama ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Da muryar ta dawo, ta dawo garau, sai ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa a ƙarshen Nuwamba kamar wanda ake kora. Abin da ya ɗauka cikin makonni kaɗan ya ishi kamfani fitar da kundi bayan kundi har zuwa 1970. Ɗaya daga ciki, I've Got Dreams to Remember, daga wani rubutun matarsa Zelma ta samo asali, kuma sunanta na cikin masu waƙar.

Waƙar Sausalito, The Dock of the Bay, shi da Steve Cropper suka ƙarasa ta. Labarin wani ɗan Jojiya ne da ya bar gida ya yi nisa, yana zaune bakin ruwa ba abin da ya canza masa. Babu ihu, babu roƙon mace. Jim Stewart bai gamsu ba, wasu a kamfanin na tsoron za ta kore musu masu saye, ita kanta Zelma ba ta burge ta ba da farko. Cropper ya sha ba da labarin cewa Otis ya yi niyyar cike ƙarshen waƙar da wasu kalmomi, da suka ɓace masa sai ya yi fito a gurbinsu.

Tafkin Monona

Saboda yawan tafiye-tafiye, Otis ya sayi ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, ƙirar Beechcraft. Masu yi masa kiɗa a hanya a lokacin su ne Bar-Kays, wasu samari ƴan Memfis da ba su daɗe da gama sakandare ba, waɗanda waƙarsu Soul Finger ta yi tashe a shekarar. Ranar Asabar 9 ga Disamba suka fito a talabijin a Cleveland, suka yi wasa da dare. Washegari Lahadi ana jiransu a Madison, jihar Wisconsin. Gari ya tashi da ruwan sama da hazo mai kauri, an kuma ja hankalinsu game da yanayin, amma Otis mutum ne da ba ya son saɓa alƙawarin wasa. Jirgin ba ya ɗaukar kowa da kowa, don haka mai kaɗa bas James Alexander ya bi jirgin haya. Wannan ne ya tsirar da shi.

Wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, saura kimanin kilomita 6 su sauka, jirgin ya faɗa tafkin Monona, cikin ruwan Disamba mai sanyin ƙanƙara. Mutum takwas ne a ciki. Mai busa ƙaho Ben Cauley, ɗan shekara 20, yana barci ya farka daidai lokacin, ya kwance ɗamarar kujera. Bai iya iyo ba. Matashin kujera ya runguma har jirgin ruwan ƴan sanda ya iso. Yana jin kiran abokansa yana raguwa, ba shi da yadda zai yi. Shi kaɗai ya fita. Matuƙin jirgin Richard Fraser, da mai yi wa tawagar hidima Matthew Kelly, da ƴan Bar-Kays huɗu, Jimmy King, Phalon Jones, Ronnie Caldwell da Carl Cunningham, duk suka rasu tare da Otis. Washegari aka ciro gawarsa. Binciken hukuma bai iya tantance musabbabin haɗarin ba.

An yi jana'izarsa ranar 18 ga Disamba a babban zauren birnin Macon. Wurin na ɗaukar mutum 3,000, fiye da 4,500 suka zo. Aka binne shi a gonarsa. A cikin waɗannan kwanaki na makoki ne Cropper ya koma ɗakin aiki shi kaɗai da muryar abokinsa, domin kamfanin Atlantic da ke rarraba fayafayan Stax na matsa lamba a fitar da wani abu. Ya ƙara ƙarar ruwa da kukan tsuntsayen teku, ya bar fiton yadda yake. Waƙar ta fito ranar 8 ga Janairu na 1968, ta kuma ci kyautar Grammy biyu a shekarar da ta biyo.

Mutuwar Otis ita ce ta farko cikin masifu uku da suka auka wa Stax cikin wata shida. Ranar 4 ga Afrilu na 1968 aka harbe Martin Luther King a otel ɗin Lorraine na Memfis, otel ɗin da mawaƙan Stax, baƙi da fari, ke zuwa su ci abinci su tsara waƙa saboda yana cikin wurare kaɗan da ke karɓarsu tare. Bayan wannan rana amanar da ke tsakaninsu ta yi rauni. Ta ukun kuwa a takarda take. An sayar da Atlantic ga kamfanin Warner a ƙarshen 1967, da aka zauna sabunta yarjejeniya sai Jim Stewart ya gano cewa kwantiragin da ya sa wa hannu a 1965, ba tare da ya karanta shi da kyau ba, ya mallaka wa Atlantic asalin duk fayafayan da ta rarraba musu. Jerry Wexler na Atlantic, wanda shi ya yi jawabin ban kwana a jana'izar Otis, ya dage har ƙarshen rayuwarsa cewa lauyoyi ne suka cusa wannan sharaɗi bai sani ba. Ko ma dai yaya ne, ba a mayar da ko faifai ɗaya ba. Muryar da aka ɗauka a tsohon silimar titin McLemore ta zama dukiyar wani kamfani a New York, kuma Sam and Dave ma, waɗanda dama aro aka ba Stax, aka janye su. Tsohon ma'aikacin banki ne aka yi wa haka, ba wani makaɗin ƙauye ba.

Stax ya sake miƙewa da Isaac Hayes da Staple Singers, kafin ya durƙushe a 1975. An rushe ginin a 1989, shekarar da Little Richard ya shigar da sunan Otis cikin zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame. A 2003 aka buɗe gidan tarihi a filin. Ben Cauley da James Alexander sun sake kafa Bar-Kays da sabbin mutane, su ne ma suka yi wa Isaac Hayes kiɗa a Shaft. Kiɗan soul ya ci gaba da tafiya har ya iso nahiyar Afirka da ƙafarsa: James Brown ya yi wasa a Abidjan a 1968, Wilson Pickett ya girgiza Accra a watan Maris na 1971. Otis bai ga wannan zamani ba.

Zelma ba ta kai shekara 30 ba lokacin da aka bar ta da yara uku, Dexter, Karla da Otis na uku, da gona, da tarin takardun haƙƙin waƙoƙi. Ba ta sayar da gonar ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta koyi harkar da kanta, ta riƙa bin kason mijinta a duk inda aka yi amfani da waƙarsa, har zuwa 2011 da Jay-Z da Kanye West suka gina wata waƙa a kan muryarsa suka sa mata sunansa. A 2007 ta kafa gidauniyar Otis Redding a Macon, wadda ke koya wa yara kiɗa da tsara waƙa, a garin da shi ya bar makaranta yana ɗan shekara 15.